Makewayin Baƙo: Tarihin Bayan Gida a Gidajen Abinci, Daga Kance Zuwa Kano

Matafiyin da ya taso daga Damagaram da nufin Kano, idan ya bi hanyar yamma, a Takeita zai karya kudu, ya ratsa Kance da Matamaye, ya ƙetare iyaka a Ɗan Barto, sannan ya bi ta Daura da Kazaure har ya shiga birnin Dabo. Duk inda mota ta tsaya a wannan hanya ba zai rasa abin sawa a baka ba: ga mai ƙosai, ga mai fura da nono, ga mai tsire, ga rumfar tuwo da shinkafa, ga kuma raken fadamun Matamaye a lokacinsa. Abin da zai sha wahalar samu shi ne wurin da zai kewaya bayan ya ci ya sha. Namiji kan ɗauki buta ya nufi bayan wani kango. Mace kuwa sau da yawa tun daga gida take rage shan ruwa, ta yini da ƙishi a cikin mota, don gudun kada buƙata ta kama ta a inda babu sutura.

A wasu biranen duniya makewayin gidan abinci har ya zama abin ado da gasa. A ƙasar Taiwan, a shekarar 2004, aka buɗe gidan abincin da ya yi suna da Modern Toilet, inda kujerun zama masai ne irin na Turawa, kwanukan cin abincin ma da siffar masai aka ƙera su. A birnin Landan akwai gidan abinci mai suna Sketch, wanda makewayansa wasu fararen ɗakuna ne masu siffar ƙwai, kowane a tsaye shi kaɗai a cikin babban falo, har mutane kan shiga don ɗaukar hoto kawai. A Amurka kuma kamfanin Cintas ya fara gasar shekara-shekara a 2002 ta zaɓen makewayin da ya fi kyau a ƙasar. Bahaushen da ya ji wannan labari zai riƙe baki, domin a tarbiyyarsa ko ambaton wurin ba a yi idan akwai akushi a gaba.

To sai dai a ƙasar Hausa ma makewayin gidan abinci yana da nasa fasalin da zai ba baƙon ƙetare mamaki: wurin wanke hannu a tsakiyar ɗakin cin abinci, ƙofar makewayi can waje a bayan gini, buta a gefen masai na zamani, ga dakalin alwala a kusa. Wannan fasali, da kuma rashin makewayin ɗungurungum a wurare masu yawa, duk tushensu ɗaya ne a tarihi. Gidan abinci a ƙasar Hausa zaure ya gada, shi kuwa zaure ba a taɓa yi masa bayan gida ba.

Wurin da ba a kiran sunansa

Harshe shi ne shaida ta farko. Bahaushe yana da sunaye da dama na wannan wuri, kuma akasarinsu kauce wa magana ne. Bayan gida da bayan ɗaki, wanda aka taƙaita ya zama ban ɗaki, inda wurin yake kawai suke nunawa. Makewayi daga kewayawa ya fito, shi ya sa mai buƙata kan ce zai kewaya, ko zai zaga, ko zai kama ruwa. Kalmomin da suka fi fito da abin fili su ne masai da shadda da salga, waɗanda ke nufin ramin kansa. Akwai masu danganta kalmar salga da garin Salaga na ƙasar Gwanja, a arewacin Gana ta yau, garin da fataken goro na Kano da Katsina suka yi ta zuwa a ƙarni na 19, wanda kuma ya shahara da yawan rijiyoyi. Kalmar ta yi tafiya har kudu, domin Yarabawa na kiran masai na rami da shalanga.

Shaida ta biyu ita ce karatun zaure. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a gaban malamai, tun daga Ahalari da Ishmawi har zuwa Risala da Muhtasar, babin tsarki na cikin abin da ɗalibi ke fara cin karo da shi a cikinsu. Daga nan ne jama'a suka ɗauki ladubban biyan buƙata: a yi tsarki da ruwa da hannun hagu, a shiga da ƙafar hagu a fito da ta dama, kada a yi hira a ciki, a nisanci hanya da inuwar da mutane ke zama da mashayar ruwa, kada kuma a fuskanci alƙibla ko a ba ta baya idan a fili ake. Ga shi kuma an daɗe da imanin cewa bayan gida matattarar aljanu ce, don haka ba wurin daɗewa ba ne, balle a ƙawata shi. Kunya da addini da tsoron iska suka haɗu suka tura wurin can ƙarshen gida, suka kuma sa buta ta zama abokiyar tafiyar kowane baligi.

Iyakar baƙo zaure

Tsarin gidan Bahaushe na gargajiya, a Kance ne ko a Zariya, tafiya ce daga fili zuwa ɓoye. Zaure ne a gaba, sai filin ƙofar gida, sai shigifa, sannan cikin gida inda ɗakunan mata da madafa da rijiya suke. Bayan gida shi ne ƙarshe, a kusurwar da ta fi nisa da zaure. Inda ake da hali akan haƙa rami mai zurfi, a shimfiɗa azara a kai, a yaɓe da ƙasa, a bar ƙaramar kafa da ake rufewa da murfi, a riƙa zuba toka don kashe wari. A gefe guda akwai wurin wanka da aka zuba wa tsakuwa. Katanga ko zana ce ke kewaye wurin, an karkata mashigarsa yadda na waje ba zai hango na ciki ba ko da babu ƙyaure.

Baƙo namiji kuwa iyakarsa zaure. A nan ake shimfiɗa masa tabarma, a kawo masa ruwa da fura, a nan kuma maigida da maƙwabtansa ke haɗa kwanuka su yi ciyayya da dare. Rubutun nan na «ba shiga» da ake gani a bakin wasu gidaje tsohuwar doka ce aka mayar rubutacciya. Idan buƙata ta kama baƙo, sai a miƙa masa buta, ya nemi gindin katanga ko bayan ganuwa ko bakin kududdufi. A ƙauyuka ma gidaje da yawa ba su haƙa rami sam, tunda ga daji a kusa: maza su fita lokacin da suka ga dama, mata su jira duhun asuba ko na bayan magariba.

Dukiyar magini ma gaba take tafiya. Wanda ya tsaya a gaban fadar Sarkin Kance, ko ya zaga unguwar Birni a Damagaram, zai ga inda gwanintar magina ta taru: fuskar zaure, da zankwayen da ke saman soro, da zanen dagi da sauran ado a jikin bango. Martabar gida a fuskarsa ake karanta ta. Bayan gida kuwa abin da ake nema gare shi sutura ce kawai, ba a kashe masa kuɗin ado.

Abincin sayarwa da mutanen zango

Sayar da dafaffen abinci tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa, amma ba a gina mata ɗaki ba. Matan kulle ke dafawa a cikin gida, 'yan mata su ɗauka su yi talla, mai saye ya karɓa ya tafi da shi. Mahauci na gefen kasuwa da tukubarsa, mai fura na ƙarƙashin inuwa. Ga dattijo mai iyali, zama a ci abinci a bainar jama'a zubar da girma ne. Saboda haka waɗanda ke cin abincin sayarwa a inda aka sayar da shi su ne marasa gida a garin: fatake, da 'yan ci-rani, da almajirai, da gwauraye.

Su kuwa waɗannan baƙi masaukinsu zango, wanda galibi a wajen ganuwa yake. Haka unguwar Zango ta tashi a gefen Birnin Damagaram, haka Fage ta tashi a gefen birnin Kano. Babban falke kan sauka a gidan fatomansa, a ba shi ɗaki da abinci, amma yaran ayari da masu kula da jakuna da raƙuma a fili suke kwana, dajin da ke kewaye da zango shi ne makewayinsu. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851 ya kuma sauka Damagaram a ƙarshen 1852, ya ƙiyasta mazauna Kano da kimanin mutum 30,000, adadin da yake ganin kan ninka a lokacin rani idan ayarori suka iso. Ya kuma koka da kududdufan da ke cikin birnin da illarsu ga lafiya. Idan aka bi wannan ƙiyasi, ke nan a watannin ciniki kusan rabin mutanen da ke cin abinci a Kano ba su da bayan gidan da za su kira nasu. Abin ya yiwu ne kawai saboda fili yana da yawa a lokacin, har a cikin ganuwa akwai gonaki.

Zuwan Turawa da batun ruwa

A Turai ma gidajen cin abinci sun daɗe ba su da abin kirki ta wannan fanni. Abin da ya sauya lamarin wata 'yar dabara ce. A shekarar 1775 wani maƙerin agogo mai suna Alexander Cumming ya yi rajistar masai mai lanƙwasasshen bututu a Landan, wanda ruwa ke kwanciya a cikin lanƙwasar ya toshe wari kada ya dawo. Da wannan dabara, da famfo, da manyan magudanan ƙarƙashin ƙasa da aka gina a Landan da Faris a ƙarni na 19, aka sami damar kawo makewayi cikin gini, bango ɗaya tsakaninsa da masu cin abinci. Duk adon da ake gani yau a makewayan Landan a kan wannan ruwa da waɗannan magudanai yake zaune.

Turawan da suka ci ƙasar Hausa ba su kawo wa talakawa wannan tsari ba. Faransawa sun kama Damagaram a 1899, Ingilishi suka kama Kano a 1903, yarjejeniyoyin 1904 da 1906 kuma suka ja iyakar da ta bar Kance a hannun Faransa, Daura a hannun Ingila. A ɓangaren Ingilishi, dokar garuruwa ta 1917 ta zamanin Lugga ta tanadi fili mai faɗin yadi 440 wanda ba a gini a cikinsa tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa. Manufar ita ce kare lafiyar Bature ta hanyar nisanta shi da jama'a. A bariki da Sabon Garin Kano aka shigo da masai na bokiti, wanda leburori da fursunoni ke kwashewa, aikin da jama'a suka ɗauka mafi ƙasƙanci. A cikin birni kuwa salga aka ci gaba da amfani da ita, sai aka ƙaro ma'aikacin da aka laƙaba wa suna duba-gari, mai leƙa randuna da kwatami da bayan gida, wanda aikinsa ya yi ta karo da al'adar kulle. A zamanin Sarki Abdullahi Bayero aka buɗe gidan ruwa na Challawa a 1931, aka kuma kafa makarantar koyon aikin tsafta a Kano a 1932.

A ɓangaren Faransawa, kwamandan gari yana da ikon cin tara ko ɗauri a kan laifin ƙazanta ba tare da shari'a ba, a ƙarƙashin dokar indijena da aka soke a 1946. Amma tara ba ta haƙa rijiya. Damagaram ta zama babban birnin yankin Nijar a 1911, aka ɗauke hedkwata zuwa Yamai a 1926, kuma ƙarancin ruwa na cikin dalilan da aka bayar. Garin da ya rasa kujerar mulki a kan ruwan sha, ba a sa ran ya zuba lita shida ko tara a masai duk lokacin da mutum ɗaya ya kewaya. Abin da mulkin mallaka ya bari a ɓangarorin biyu shi ne tunanin cewa tsaftar waje aikin hukuma ce da ake yi don tsoron tara, tsaftar jiki da ta cikin gida kuwa ita ce ta mutum da addininsa.

Gyaɗa, tasha da gidan wanka

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya biyo baya. Ƙasashen Matamaye da Magarya suka zama cikin manyan wuraren noman gyaɗa a Nijar, kuma ta Kano ake fitar da mafi yawanta zuwa teku. Manyan motoci suka maye gurbin jakuna da raƙuma, tasha ta maye gurbin zango. Direba da yaron mota da ɗan kamasho da fasinja duk suna buƙatar abinci mai zafi a kan lokaci, sai mata suka fito da tukwanensu bakin tasha, suka kafa rumfa, suka ajiye benci. Daga rumfar nan ne gidan abinci na yau ya taso: aka yi mata bango, aka sa kwano a sama, daga baya aka kawo tebur da fanka da firji.

Rumfar ta ɗauki duk aikin zaure. Ana marabtar baƙo, a ba shi wurin zama, a kawo masa ruwan wanke hannu da abinci. Ta kuma ɗauki iyakar zaure, wato buta a bakin ƙofa, sauran kuma ya rage wa mai ci. Akwai dalilin tattalin arziki da ya ƙarfafa wannan gado. Mai abinci galibi 'yar haya ce a kan 'yar taƙin ƙasa ta hukumar tasha ko ta wani mai shago, ana iya tashinta gobe. Wanda ba shi da tabbacin wuri ba ya haƙa rami mai tsada a cikinsa. A halin da ake ciki kuma garuruwa suka cika suka batse, gonakin cikin gari da kangwayen da baƙo ke laɓewa a da suka zama gidaje da shaguna.

A Kano wata sana'a ce ta daban ta toshe wannan giɓi, wato gidan wanka da ba-haya. Ɗan kasuwa ya gina jerin ƙananan ɗakuna kusa da kasuwa ko tasha, ya tanadi ruwa, ya zaunar da yaro a bakin ƙofa yana karɓar kuɗi yana miƙa buta ko bokiti. Irin wannan ciniki ba sabo ba ne a duniya: a babban baje-kolin Landan na 1851 George Jennings ya karɓi kwabo ɗaya a hannun duk wanda ya shiga makewayan da ya kafa. Sai dai abin lura a nan shi ne yadda hidimar baƙo ta rabu gida biyu, wani na sayar da abinci, wani can dabam na sayar da sutura. A ƙananan garuruwan hanya kuwa, inda masu wucewa ba su kai yawan da za su riƙe irin wannan sana'a ba, rabi na biyun bai samu ba.

Abin da kwalara ta tona

Annobar kwalara ta bakwai ta sauka Gini a watan Agustan 1970, kafin ƙarshen 1971 kuma ta ratsa Mali da Nijar da Nijeriya da Chadi. Tun daga lokacin ba ta bar yankin ba. A 2018 ta ɓarke a Madarunfa ta jihar Maraɗi. A 2021 ta kama fiye da mutum 5,000 a Nijar, jihohin Maraɗi da Damagaram na cikin waɗanda suka fi jin jiki, a Nijeriya kuma aka lissafa fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu, sama da 3,000 suka rasu, Kano da Jigawa da Bauci na kan gaba. Hanyar cutar sananniya ce: daga bayan gidan mai ɗauke da ita zuwa ruwa ko hannu ko ƙuda, daga nan zuwa bakin wani. Wurin da ake tara baƙi daga garuruwa daban-daban a ciyar da su da hannu, ba tare da makewayi da sabulu ba, gada ce da aka shimfiɗa mata. Ita kuma ba ta tsayawa a Ɗan Barto a buga mata hatimi.

Hukumomi sun yi yunƙuri iri-iri. Gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta sa tsaftar muhalli cikin yaƙinta da rashin ɗa'a a 1985. Nijar ta kafa dokar tsaftar jama'a a watan Maris na 1993. Daga baya aka shigo da tsarin da Kamal Kar ya ɓullo da shi a Bangaladash wajen shekarar 2000, wanda ke zaburar da mutanen gari su daina ba-haya a fili su haƙa nasu ramukan da kansu. Nijar ta fara aiki da shi a 2009. Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsayar da 19 ga Nuwamba a matsayin ranar makewayi ta duniya a 2013, Nijeriya ta ƙaddamar da nata gangamin a 2019, aka kuma ayyana Jigawa a 2022 a matsayin jiha ta farko da ta rabu da ba-haya a fili. Duk da haka alƙaluman hukumomin lafiya na duniya sun nuna kusan kashi biyu cikin uku na mutanen Nijar ba su da makewayi kowane iri. Ginshiƙin waɗannan shirye-shirye kuma gida ne: a ƙirga magidanta, a ƙirga ramuka. Matafiyi da ɗan kasuwar ƙauye da direba ba sa cikin gidan kowa a lokacin da buƙata ke kama su.

Fasalin da ya fito

Inda gidan abinci ya sami hali ya gina makewayi, a manyan titunan Kano ko Maraɗi ko Damagaram, tarihin nan duka yana bayyana a jikin ginin. Wurin wanke hannu an fito da shi cikin ɗakin cin abinci ko bakin ƙofarsa, saɓanin Turai inda yake ɓoye a cikin makewayi. Dalili shi ne da hannu ake cin tuwo, wanke hannu kafin ci da bayansa ɓangare ne na cin abincin, ya gaji ƙwaryar ruwan da ake miƙa wa baƙo a zaure. Ƙofar makewayin kuwa ba ta kallon tebura. Sai an fita an zaga bayan gini, ko an bi wani siririn lungu, yadda ba wanda zai san inda mai tashi ya nufa.

A ciki akan tarar da zamani biyu a ɗaki ɗaya. Mai gini ya sa masai na zama don a san wurin na manya ne, amma famfo ba ya kawo ruwa kullum, don haka ga randar roba da buta a gefe. Mutane da yawa kuma sun fi natsuwa da na tsuguno, saboda sabo da kuma gudun najasa ta taɓa jiki ko tufa kafin salla, shi ya sa masu lura kan gina iri biyun. Magina da dama kan karkatar da masai ya kalli kudu ko arewa, tunda alƙibla a wannan yanki gabas take, ko da yake malaman Malikiyya sun yi sauƙi a kan haka idan a cikin gini ne. A waje kuma ga dakalin alwala da jerin famfuna ko butoci, da 'yar shimfiɗar salla. Abin da ya fi ƙaranci shi ne ɓangaren mata mai mashigarsa daban. Zaure na maza ne tun asali, kuma gidan abincin da ya gaje shi ya daɗe bai sa mace a lissafin masu zama su ci ba, alhali ita ce ke dafawa, ita ce kuma ke yini a wurin.

Ga garuruwa irin su Kance da Matamaye akwai ƙarin abin kiyayewa. Albarkar yankin ita ce ruwan ƙasa yana kusa a fadamun Korama, shi ya sa rake da kayan lambu ke yi. Wannan kusancin ne kuma ke sa rami mai zurfi ya iya gurɓata rijiya. Ƙa'idar da ma'aikatan tsafta ke bi ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya, gindin ramin kuma ya tsaya mita ɗaya da rabi sama da ruwan ƙasa. Maganin wari da ƙuda ma ba ya buƙatar famfo. A shekarun 1970, a ƙasar da ake kira Zimbabuwe yau, Peter Morgan ya ƙera masai na rami mai dogon bututun iska da raga a bakinsa: wari ya bi bututu ya fita sama, ƙudan da ke cikin rami su bi haske su maƙale a raga. Ɗaya daga cikin siffofinsa bango ne mai naɗewa kamar katantanwa, ba ya buƙatar ƙyaure. Tsohon maginin Kance da ya saba karkata zana a bakin makewayi ba zai ga baƙon abu a wannan siffa ba.

Kammalawa

Masu iya magana sun ce baƙonka annabinka, sun kuma ce tsafta cikon addini. Bahaushe ya riƙe karin maganar biyu da gaske, amma tsarin gidansa ya ajiye ɗaya a zaure, ɗaya a ƙarshen gida, da katanga a tsakani. Wannan tsari ya yi aiki a zamanin da gari ke da fili, baƙi kuma maza ne masu buta a hannu. Yau motocin da ke bin hanyar Kance cike suke da mata masu zuwa asibiti da biki da kasuwa, da tsofaffi, da yara, filin da ake laɓewa a da kuma an gine shi. Hukumar gari da ke ba mai abinci wuri tana karɓar haraji a hannunta ita ce ke da ikon ba ta tabbacin zama, ko ta gina makewayi ɗaya mai ɓangare biyu wanda rumfunan tasha za su yi tarayya a kansa, da ruwa da sabulu da mai kula. Kuɗin hakan bai kai na tayil da fitilun da ake ƙawata fuskar shago da su ba. Ranar da aka yi shi, matar da ta taso daga Damagaram da asuba za ta iya shan ruwa a Takeita ba tare da ta lissafa sauran tafiyar da ke gabanta ba.